Ruwan Wanki

"Tsaya nan! Kar ki shigo min ɗaki da wannan warin!"

Abin da na fara ce wa Auta ke nan ranar Asabar ɗin da ta dawo daga sharar kwata. Kullum haka muke yi. In yi faɗa, ta yi dariya ta ce, "Umma, lada muke nema," in ce ladan ya fara bi ta banɗaki tukuna.

Ranar ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a tsakar gida da waya a hannu.

Auta ce 'yata ta ƙarshe, saura wata biyu bikinta. Wanda za ta aura malamin makaranta ne. Shi ya tara samari da 'yan matan unguwa suke kwashe shara daga babbar kwatar da ta bi ta bayan gidajenmu. Da farko dariya ake musu, har aka sa masa Sarkin Kwata, sunan kuma ya zauna. Ni dai ina son yaron. Yana sallah, yana gaisuwa a durƙushe, bai taɓa ɗaga min murya ba.

Sun kwashe leda, sun kwashe robobi, amma ruwan bai daina baƙi ba. Yara suka fara ƙuraje. Rijiyar makwabta ta fara wari. Sai suka ce lallai wani ne yake zuba wani abu, suka fara fakon wurin da sassafe.

"Umma, sun samu hoto..."

"To alhamdulillahi. Sai ki yi kuka?"

Ta miƙo min wayar. Ni ban iya karatu sosai ba, amma hoto ai ba ya buƙatar makaranta. Tankar mota ce a bakin kwata, an sako bututu, baƙin ruwa yana zuba. Direban ya juya baya. Ya dafe ƙugu da hannun hagu, ya ɗan karkace.

Shekara talatin da ɗaya ina shafa wa wannan ƙugun magani.

Na zauna a kan bokitin wanki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Baba ne, Umma."

"Rufe bakinki! Bango yana da kunne!"

Babansu direba ne a kamfanin da ke rina yadi a bayan gari. In na tambaye shi me yake ɗauka a tankar, sai ya ce, "Ruwan wanki ne." Haka suke kiransa a kamfanin, manya da ƙanana. Ni kuma da na ji wanki, sai na ɗauka irin nawa ne, ruwan sabulu da ake watsawa a tsakar gida ƙura ta kwanta. Kayan aikinsa daban nake wankewa saboda suna saɓule min fatar hannu, amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba. Allah Ya yafe min.

"Shi Malamin ya gane shi?"

"Tun ranar da ya ɗauka. Sati uku yana ɓoye hoton. Yau abokan aikin suka ritsa shi, suka ce ko an saye shi ne. Jibi Litinin za su kai ofishin kula da muhalli. Lambar motar ta fito, Umma... Kama Baba za a yi!"

Bayan la'asar Malamin ya zo. Ba ɗabi'ata ba ce laɓe, amma ranar na ɗauki tsintsiya na share bayan ƙofa sau huɗu.

"Ka goge shi," in ji Auta.

"Sanyin idona, ki saurare ni..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau! Ka goge!"

"Ko na goge, ruwan zai daina zuba?"

"Ubana ne fa!"

"Ni ma ubana ne. Wallahi sati uku ban ci abinci ya zauna min ba. Amma ke kika raka mai kitso asibiti da jaririyarta. Ke kika dawo kina ba ni labarin ƙurajen bayan yarinyar kina kuka."

Sai na ji shesshekarta.

"Baba mai ciwon ƙugu ne... ko kwana ɗaya ba zai iya yi a kan siminti ba."

"Na sani."

"Masu kamfanin za su ce ba su san zancen ba. Shi za su bari a ciki."

"Na sani, abar ƙaunata. Shi ya sa nake so ya je da ƙafarsa kafin hoton ya je. Amma da wane baki zan faɗa masa?"

"To ji nan. In hoton nan ya shiga ofishin can, ba ni ba kai. Ba zan zauna da wanda ya ɗaure ubana ba."

"Auta..."

"Ka tafi!"

Ta shigo da gudu, ta kusa ture ni. Na leƙa, na ga yaron tsaye ya haɗa goshi da bango, ƙato da shi, kafaɗunsa suna rawa.

Na shiga ɗaki na shimfiɗa sallaya. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In an kai hoto, mijina ya tafi, auren 'yata ya watse. In an goge, jaririyar mai kitso tana wuyanmu har gaban Allah. Na ce, Ya Rabbi, ni ba mai ilimi ba ce, Ka nuna min abin da zan yi da hannuna.

Washegari Lahadi babansu yana gida. Na san halinsa. In ka tunkare shi da magana, sai ya fi ka murya, ya ɗauki hula ya fita. Don haka ban yi magana ba. Na ɗauki tsohuwar buta, na yafa mayafi, na zagaya bayan gida. Na durƙusa a bakin kwatar ina toshe hanci, na cika ta.

Da aka kira azahar ya fito yana naɗe hannun riga.

"Maman Auta, ruwan alwala."

Na ajiye masa butar a gabansa. Ya zauna a kan kujerarsa, ya yi bisimilla, ya karkata ta a tafin hannu. Ruwan ya fito baƙi-baƙi da kumfa. Ya zabura ya yarfe hannu.

"Subhanallahi! Mene ne wannan? Kin haukace ne?"

"Ruwan wanki ne."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Ka yi alwalar mana, Baban Auta. Ai ka ce ba komai a ciki."

"Wa ya gaya miki..."

"Ba wanda ya gaya min. Ƙugunka na gani a hoto."

Na zata zai yi tsawa. Na ma riga na ja baya. Amma sai ya sunkuyar da kai yana duba tafin hannunsa. Na kawo masa ruwa mai kyau da sabulu, na kama hannun na wanke masa da kaina, don wurin ya fara ja.

"Ni ban yi nisa a karatu ba," na ce, "amma na san ruwan da launinsa da warinsa suka canja ba a tsayawa gaban Allah da shi. To wanda ba za ka iya sa wa fuskarka ba, shi kake zuba wa 'ya'yan mutane."

"Da can wani wuri muke kaiwa," ya ce a hankali. "Nesa ne. Sai manaja ya ce mai yana tsada, mu riƙa saukewa a kusa. Na ce ba zai cutar ba? Ya ce ruwan wanki ne, Direba, wanki ya taɓa kashe wani? Na karɓa, don ina so in karɓa. Shekarata sittin ba ɗaya, Maman Auta. Wa zai ɗauke ni aiki?"

"Wanda ya ciyar da mu kafin kamfanin."

"Ɗaure ni za su yi."

"Wataƙila." Na goge masa hannun da bakin zanena. "Wallahi ni ma tsoro nake ji. Amma gobe hoton zai je, da kai ko ba kai. 'Yarka kuma ta kori yaron nan saboda kai."

"Ta kore shi?"

"Tana ciki, ko ruwa ta ƙi sha."

Ya ture butar gefe. Sannan ya yi alwala da ruwa mai kyau, ya tafi masallaci. Da ya dawo, Malamin yana bayansa, kai a ƙasa kamar wanda aka kamo da sata.

"Auta! Fito!"

Ta fito da kumburarrun idanu. Da ta ga wanda ke tsaye, ta juya za ta koma.

"Dawo nan. Ni na kira shi." Ya juya ga yaron. "Kai, Sarkin Kwata. Sati uku kana riƙe da ni a aljihu, kana zuwa kana gaishe ni?"

Yaron ya zube a ƙasa. "Baba, ka yafe min. Na rasa yadda zan yi."

"Tashi, kar ka ɓata wando. Ƙarfe nawa ake buɗe ofishin?"

"Baba, a'a!" Auta ta faɗo ta riƙe ƙafarsa. "Kar ka je! Mu bar garin, mu tafi wurin Yaya!"

"In gudu da furfurata? In bar kwatar ga wa?" Ya dafa kanta. "Duk saƙon muryar da manaja ya turo min yana cikin wayata. Ban iya gogewa ba, shi ya sa suke nan. Ashe rashin iyawar ma rana gare shi."

Litinin da safe muka tafi mu huɗu. Na zuba masa maganin ƙugu da riga ɗaya a leda, na ɓoye a cikin mayafi don kar Auta ta gani. Na san me ledar take nufi.

Ofishin dogon baranda ne da benci ɗaya. Mai gadi ya ce mutum biyu kawai za su shiga. Babansu ya cire hula ya sake sawa, ya cire ya sake sawa. Malamin ya buɗe masa ƙofa. Aka rufe.

Ban taɓa sanin awa uku tana da tsawo haka ba. Duk takalmin da ya taho sai in ce shi ke nan, 'yan sanda ne. Wata mota ta tsaya a waje, wasu mutum biyu masu manyan riguna suka shiga da sauri, Auta ta ce, "Umma, 'yan kamfanin ne," ta cusa fuska a cinyata. Muka ji ana ɗaga murya a ciki. Na ji muryar babansu sau ɗaya, sannan shiru. Carbina ya tsinke a hannuna, ban ma san na ja shi da ƙarfi ba. Na bi 'ya'yan ina tsinta a ƙasa, ina salati, ina kuka, tsohuwa da ni.

"Umma, in ba a fito da shi ba fa?"

"To sai mu kai masa abinci. Gyara zamanki."

Bakina ne ya faɗa. Ba zuciyata ba.

Ana kiran azahar ƙofar ta buɗe. Masu manyan rigunan suka fito fuska a murtuke. Ɗaya ya tsaya ya ce wa babansu, "Ka kawo mana makullin mota yau ɗin nan." Babansu ya zaro shi daga aljihu ya miƙa masa a wurin.

Sannan ya taho, Malamin yana riƙe da hannunsa.

"Shaida aka rubuta ni," ya ce. "Za a sake kirana. Ban san ƙarshen abin ba. Amma yau dai a gida zan kwana."

Auta ta rungume shi tana kuka kamar 'yar goye. Malamin ya saki hannun ya koma gefe, ya tsaya shi kaɗai yana kallon ƙasa. Hoton ai ya shiga ofis, kuma bai manta abin da ta ce masa ba.

Na zungure ta da gwiwar hannu. Ta ɗago. Ta share fuska da bakin hijabi, ta taka a hankali har gabansa.

"Ka ci abinci yau?"

Ya girgiza kai.

"Jiya fa?"

"Ban tuna ba..."

"Dubi yadda ka koma. A haka za a ɗaura mana aure, a ce ban iya zaɓe ba?"

Ya ɗago da sauri. "Kin fasa korar?"

"Ina tunani tukuna."

"Ki yi tunanin a hanya," in ji babansu. "Ƙuguna ya gaji. Kai kuma zo ka riƙe ni, ba ka gama aikinka ba."

Yaron ya dawo ya sa kafaɗa. Auta ta kama ɗaya hannun. Ni ina bayansu, ba mu da aiki, ba mu san me kiran gaba zai kawo ba. Muka sauka matakalar ofishin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda tsohon zai iya.