Jajayen Takardu Bakwai

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kira Sufeto. Wani tsohon tela ne ya faɗi ya mutu a gidansa, hawa na uku, likitan da ya duba gawar kuma ya ƙi sa hannu a takarda, ya ce sai 'yan sanda sun gani.

Sufeto ya hau benen yana haki yana tsine wa gwiwarsa. Ƙofar gidan makulli uku gare ta, tagogi duk an yi musu ƙarfe, ko'ina warin man zafi. Tsohon na kwance dab da ƙofa, kansa ya bugi ƙafar keken ɗinki.

'Yarsa na tsaye a gefe, mace mai kamar shekara arba'in, idanu sun faɗa. Auta kowa ke ce mata.

"Makullan nan fa?" in ji Sufeto.

"Baba ya rikice, Yallaɓai. Kana ɗauke ido zai fice, wai zai buɗe shago. Shagon da aka rufe shekara goma."

"Kina ina ya faɗi?"

"Ina wanka."

Sufeto ya dubi takalmanta a bayan ƙofa. An yi ruwa da safe, ga laka ɗanya a jikinsu.

Yayanta na kan kujera yana ƙamshin turare, har ya fara karɓar gaisuwa a waya.

"Kullum ina nan," ya ce. "Ni nake duba maganinsa."

"Ina ake ajiye shi?"

Yaya ya nufi kicin da ƙarfin hali, alhali maganin na ɗakin tsohon.

"Kullum ɗin nan, yaushe ne na ƙarshe?"

"Sati uku. Amma in na zo nakan karanta kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kada ta yi shirme."

Sufeto ya san irinsu. Jinya da baki ba ta karya baya.

A ɗakin tsohon akwai faranti biyu, na safe da na dare. Kowace kwalba da 'yar takardar gargaɗi a jikinta, ban da guda ɗaya a farantin safe. Sufeto ya shafa ta da yatsa, ya ji danƙon gam. Ɓare takardar aka yi.

Ya kai wa mai kantin magani kwalbar. Tana gani ta ɓata rai.

"Ban taɓa ba da wannan babu jar takarda ba." Ta zaro wata ta karanta masa: "Yana sa barci da jiri mai tsanani. A sha da dare kawai, a kwance. Kada a bar mara lafiya shi kaɗai."

"Wa ke zuwa karɓa?"

"Kai musu muke yi, kwalba ɗaya duk wata. Ita Auta ai ba ta fita. Amma wata bakwai da suka wuce ta kira ni tana tambaya, in an sha, awa nawa mutum ke yi bai motsa ba. Na ce biyu. Na ɗauka tsoro ne ya sa ta tambaya."

A hanyar komawa maƙwabciya ta tare shi a matakala, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ji yana buga ƙofa daga ciki, Yallaɓai, ya kai rabin awa. Yana kiran Auta, Auta. Sai na ji tim. Allah Ya sani ban so in faɗa ba. Shekara huɗu yarinyar nan ba ta je ko bikin kowa ba."

An riga an ɗauke gawar. Sufeto ya shiga ɗakin Auta, tabarma ce kawai da kwabar ajiye kaya. Ya buɗe kwabar. A bayan murfinta ga jajayen takardu bakwai an liƙa su a jere, ba ko ɗaya da ta karkace.

Ya kira ta. Ta dube su, ta zauna a ƙasa.

"Na kasa jefar da su," ta ce.

"Me ya sa kika ɓare?"

"Don kada Yaya ya karanta ya ga da dare aka ce. Da safe nake ba shi. In ya yi barci sai in kulle in fita, awa ɗaya kawai."

"Ki je ina?"

"Tashar bas. Ba na hawa. Zama nake a benci ina kallon masu tafiya."

"Yau fa?"

"Ruwa ya tsare ni a rumfa, na ce bari in ƙara kaɗan. Na ƙara, na sake ƙarawa." Ta sunkuyar da kai. "Na ji daɗin ruwan, Yallaɓai. Ina can ina jin daɗin ruwa, Baba na nan yana kirana."

Yaya ya taso yana huci. "Kin kashe mana uba!"

"Koma ka zauna," in ji Sufeto. Shekara ashirin yana kama mutane, bai taɓa jin kunyar aikinsa kamar yau ba. Amma doka ba ta san gajiya ba. "Tashi mu je, ƙanwata."

Yaya ya wuce su ya fice a fusace. A bakin ƙofa Auta ta zaro makullai ta fara kullewa, na farko, na biyu. Sai hannunta ya tsaya. Ba sauran wanda zai fice.

Motar 'yan sanda na jira a ƙasa. Auta ta dubi ƙarfen da ke tagoginta, ta dubi titi.

"Yallaɓai, ba za mu iya tafiya da ƙafa ba?"

Sufeto ya sallami direba. Ofishin tafiyar minti goma ne. Da gwiwarsa mai ciwo, ya bi da ita ta doguwar hanya.