Igiya a Kwazazzabon Roni

"Ja! Ja ta, ragon banza!"

Haladu ya ja igiyar ƙiri ya naɗe a gindin marke. Na'Allah, ubangidansu, ya ƙulle ɗaya bakin, ya tofar da tuƙar goro. Haka suka saba tare fatake tsakanin Roni da Kazaure: igiya daidai ƙirjin mahayi, doki ya wuce, mutum ya faɗo. Amma yau jif suke jira, ta Alhaji Maikasuwa ɗan kamashon gyaɗa, da akwatin ƙarfensa na kuɗi. Ba su taɓa tare mota ba.

Sama'ilu, mai yi musu leƙen asiri, ya iso a sukwane daga kasuwar Roni. Ya ja Na'Allah gefe ya yi masa raɗa.

"Haɗiye maganar nan!" in ji Na'Allah.

"Me ya ce, Maigida?" Haladu ya tambaya.

"Ya ce ka ƙara ɗauri, angon bara."

A bayan jif ɗin, kan buhuna, Asma'u matar Haladu ce kwance, kanta bisa cinyar mahaifiyarta, Inna Batulu. Ta je gida goyon ciki, yau kwana biyu tana naƙuda, Alhaji ya tausaya ya ɗauko su zuwa asibitin Kazaure. Ba a aika wa mijin ba. Haihuwar fari ce, wa zai buɗi baki ya gaya wa suruki?

"Ɗan nan, taka ta don Allah!" in ji Inna.

"Inna, yashi ne, amma ga shi nan!" Abu direba ya ƙara wuta. Motar ba rufi, gilashin gaba ma ya kwantar da shi saboda zafi.

Kwana — gangara — igiya!

Ta tsallake kan motar ta sami Abu a maƙogwaro. Doki kan tsaya idan mahayi ya faɗi. Jif ba ta tsaya ba. Ta kwasa, ta hau dutse, ta juya — sau ɗaya! Sau biyu! Mutane suka watse kamar an sheƙe gero.

"Akwati! Akwati!" Na'Allah ke ihu.

Haladu ya diro da takobi, rawani rufe da fuska. Sai ya ga wata ƙafa a ƙarƙashin taya, da munduwar da shi ya saya a Babura.

"Asma'u!"

Ya sa kafaɗa a jikin ƙarfen. "Maigida! Sama'ilu! Ku kama mini!"

Sama'ilu ya kau da kai. "Wallahi na gaya masa tana cikin motar."

"Mata ba su ƙare ba, yaro," in ji Na'Allah. Ya ɗora akwatin a kan dokin Haladu, suka yi arewa, wajen Gwiwa.

Saje Dunoma da 'yan doka uku suna rakiyar mai duba hanya suka ji ƙarar. Da suka iso, mutum ɗaya suka tarar a tsaye, kafaɗarsa duk jini, yana ta kokawa da mota yana kuka. Su biyar suka ɗaga ta.

Abu ya cika nan take. Alhaji ya rasa ido. Hannun Inna ya karye biyu. Jaririn da Asma'u ta haifa, namiji, bai ko yi kuka ba. Asma'u kuwa ta rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta sake jin komai ba. Na'Allah ya tsallaka ƙasar da Faransi ke mulka, Sama'ilu aka tsinci gawarsa a bakin iyaka.

Kafin a ɗauke Asma'u daga wurin a kan ƙyaure, Saje ya tuge rawanin Haladu, ya durƙusa kusa da ita.

"Baiwar Allah, ya ce shi mijinki ne. Kin san shi?"

Shekara guda da aurensu, ko a ɗaki ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta dube shi, ta dubi igiyar da ke reto a jikin marke.

"Na san shi," ta ce. "Sunansa Haladu."