Maginiya da Ƙoƙunan Falwaya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.
To, ta zo mu ji.

A wani gari an yi wata maginiya, randarta ta fi ta kowa sanyaya ruwa saboda tsatsafo. Da za a jawo lantarki, mai haɗa waya ya ce ta gina masa 'yan ƙoƙunan da za su riƙe waya a kan falwaya, kada wuta ta bi turke.

Ta gina, ta gasa, aka ɗaura. Ruwan sama ya sauka, ƙoƙo ya jiƙe, wuta ta ɗauke. Ta sake, haka. Ta kuma sakewa, haka.

Mai waya ya dafe kai ya ce, "Iya, ba randa na ce ba. In na huɗu ya sha ruwa, wani gari zan kai aikin."

"Shekara arba'in ina gini, kai za ka koya mini?"

Ta yini tana tsaki. Da la'asar ta ja mayafi, sai gidan ƙanwarta, wadda kullum take yi wa dariya don tukwanenta suna gasuwa kamar dutse, ba sa tsatsafo.

"Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya? Tashi ki nuna mini yadda kike ɓata tukunya."

Har damina ta wuce, na huɗu bai jiƙe ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ishe mu yau.