Na Ukun Yana Cikin Lefe

"Wayyo Allah, kada ki buɗe! Kada ki buɗe ƙwaryar nan!"

Ladi ta yar da taɓarya ta ruga ɗaki, a zatonta maciji ne ya shigo. Me za ta gani? 'Yarta Indo ce kwance rub-da-ciki a tabarma, ta zaro ido a kan littafi, tsigar jikinta duk ta tashi, amma bakinta har kunne don daɗi.

"Ke Indo, wa ya buɗe ƙwarya?"

"Tasalla ce, Inna, ta cikin littafi."

"Allah ya shirye ki! Sama babu ruwa, rumbu babu hatsi, ke kuma kin kwaso aljanun Kano kina ihu da su da rana tsaka!"

Shekarar ce damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Mazan Matameye duk sun tsallaka Najeriya cin rani, har da Illa, saurayin Indo, mai sayar da shayi a Kano. Sauran samari turare da 'yan kunne suke kawo wa 'yan matansu tsaraba. Shi Illa ya san tasa: littattafan ban tsoro yake kawo mata, masu dodanni da matattun da ba sa zama a kabari. Faransanci ta yi a lakwal, wato makarantar boko, karatun Hausa ita ta koya wa kanta saboda su. Manya sun shiga maganarsu, saura lefe da sa rana.

To, a layin sayen hatsin rangwame aka tsegunta wa Hajiya Baiwa, uwar Illa, cewa surukarta ta gobe tana kulle kanta a ɗaki tana zance da aljanu. Nan take Hajiya ta zaro portabul, wayarta ta hannu, daga ƙugunta ta kira autan nata.

"Kai Illa! Kada ka sake taka garin nan sai ka fidda yarinyar nan daga ranka. Ban haife ka don mayu su raba ka ba!"

Da labari ya kai wa Indo, ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Illa so na gaskiya. Shi kuwa baffan Illa, Malam Idrisa, cewa ya yi ba zai warware maganar da ya ƙulla da bakinsa a kan ji-ta-ji-ta ba. Sai dai Hajiya ta je ta ji da kunnenta, ta kawo masa hujja.

Da hantsi sai ga ta gidan su Indo, fuska a murtuke. Indo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ajiye mata ƙwaryar fura.

"Ba shan fura ya kawo ni ba," in ji Hajiya, tana jawo ƙwaryar gabanta. "Ɗauko shaiɗancin nan ki karanta mini tun daga farko. Kada ki tsallake ko harafi!"

Indo ta ɗauko littafin ta soma. Labarin wani gari ne mai busasshiyar rijiya, a cikinta akwai tsohuwa marar fuska da ke tsince inuwar samari tana tarawa a ƙwarya. Duk wanda ya duba ƙasa bai ga inuwarsa ba, to, a fara haƙa masa kabari. Ta ɗauke inuwar masoyin Tasalla, ita kuwa Tasalla ta ɗaura igiya a ƙugu za ta bi ta.

"A'uzu billahi!" Hajiya ta ce. Can kuma, "Wannan yarinya ba ta da uwa ne da za ta hana ta?" Can kuma, "To, sai aka yi yaya?"

Sai da rana ta take tsaka ta miƙe, ta ce ta ji abin da ta ji, ta fita. Ba a yi nisa ba aka jiyo salati daga ƙofar gida. Ta faɗo tsakar gida da gudu, gyale a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ladi! Ladi, ta ɗauke! Babu inuwata!"

Indo ta danne dariya har cikinta ya ƙulle, ta sunkuyar da kai. "Hajiya, rana ce ta yi tsaka. Tana nan ƙarƙashin ƙafarki."

Hajiya ta ɗaga ƙafa a hankali ta leƙa. Sannan ta gyara ɗaurin zane. "Na sani mana. Gwada ki nake yi."

Washegari ta dawo, wai hujja ba ta cika ba. Jibi ma haka. Kafin a gama littafi na ɗaya har da tabarmarta take zuwa, kuma duk Matameye babu mai zagin tsohuwar rijiya kamarta. In Malam Idrisa ya tambaye ta inda aka kwana, sai ta ce lamarin yana da zurfi, a ƙara mata lokaci. Kullum kuma ƙwaryar fura tana jiranta, takan shanye tas ta lashe ludayi.

Ranar da suka kusa ƙarshen na biyu, muryar Indo ta riƙa yin ƙasa. Harufa suka soma yi mata rawa, sai ga littafi ya suɓuce daga hannunta, ta dafe bango.

"Kin gani ko!" Hajiya ta zabura. "Sun kama ta! A kawo garwashi da hayaƙi!"

Haƙurin Ladi ya ƙare. "Hajiya, babu wani aljani. Yunwa ce. Furar da kike sha kullum rabonta ne na yini, ita ta ce a riƙa ajiye miki. Ganyen tafasa take ci da maraice ta kwanta, ta kuma hana ni faɗa."

Hajiya ta dubi ƙwaryar da ta lashe, ta dubi yarinyar da ta zo raba ta da ɗanta. Kunya ta rufe ta, hawaye ya zubo mata sharr.

"'Yar nan, me ya sa? Kuma me kike samu a wannan abin tsoro, ga yunwa tana cin ki?"

"Hajiya, ke baƙuwarmu ce, kuma ke kika haife shi," in ji Indo, ta kasa ɗaga ido. "Littafin kuwa, in ina karantawa cikina yakan manta babu komai a cikinsa. Tsoronsa in na rufe shafi ya ƙare, ba kamar na fari ba. Kuma Tasalla tana jin tsoro kamar kowa, amma ba ta saki igiyar ba. In na ga haka sai in ji ni ma zan iya."

Hajiya ta aika gidanta aka kwaso gero, aka dama kunu, ta tsare Indo sai da ta shanye. Sannan ta share ido ta ce, "To, ƙarasa mana."

Saura shafi kaɗan. Tasalla ta kai gindin rijiya, ta sa hannu a murfin ƙwarya, sai ta ji muryar uwarta da ta rasu tana kiran sunanta daga ciki. Indo ta rufe littafi.

"Ci gaba mana!"

"Nan marubucin ya tsaya, Hajiya. Sauran yana na uku."

"Ɗauko na ukun!"

Indo ta ja gyale ta rufe fuska. "Yana wurinsa a Kano. Ya ce kado ne, kyautar aure, a akwatin lefe zai sako shi."

Hajiya ta zaro portabul ta miƙa wa Ladi. "Latsa mini lambar yaron nan." Yana ɗauka ta ɗaga murya har maƙwabta suna ji. "Kai Illa! Littafin nan na uku fa?"

"Hajiya, ai yana cikin lefe."

"To, wa ya hana ka kawo lefen?"

"Ke kika ce kada in…"

"Kai, rufe mini baki! Ka shigo motar ranar kasuwa!"

Bayan ruwan shuka ya sauka aka kawo lefe. Na shekarar fari ne, akwati ɗaya, shi ma bai cika ba, amma babu wadda ta sami sararin taɓe baki. Kowa ya san uwar ango ba ta rakiyar lefe, sai ga Hajiya Baiwa ta kutsa tsakiyar mata, ta ture atamfa da sabulu, ta cusa hannu har ƙasan akwati ta zaro abin da ta zo nema.

Haka Indo ta sami Illa, ta kuma sami uwa ta biyu, ba da tsiwa ko boka ba, sai da haƙuri da ƙwaryar fura. Ku kuma iyaye, kada ku yanke wa yaro hukunci da abin da kuka ji a layi. Ku zauna kusa da shi ku ga halinsa, ku ji abin da yake so da dalilin da yake son sa.

Ran da aka kai amarya, kafin ango ya sami ganin fuskarta, Hajiya ta riga shi shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, littafi a cinya.

"Kai Illa, je ka zaga gari tukuna. Tasalla tana cikin rijiya, ni da 'yata za mu fito da ita."