Zalɓen Bakin Tafki

A ƙarshen kaka na samu hutun mako guda, na tafi gidan Yayata. Mijinta tsohon likitan dabbobi ne, kowa Likita yake ce masa. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai kallon tsuntsaye. Yaya takan ce da yana da fiffike, da tuni ya yi sheƙa a bishiya ya bar mata gidan.

Ranar Laraba bayan la'asar ya ce in raka shi tafkin bayan gari, wai baƙin agwagi masu gudun sanyi sun sauka. Ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya ba ni ƙarfen da ake kafa kyamara a kai in riƙe masa.

Muka bar mota a ƙarshen hanya, muka ratsa busasshiyar ciyawa. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai warin ruɓaɓɓen ganye. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Kirinjijiya, dinya, belbela, kukansu ya cika kunne. Likita yana nuna min su ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a ɗan littafinsa, har rana ta yi ja.

Sai kukan ya ɗauke lokaci guda, kamar an kashe rediyo.

Wani ƙarni ya taso, irin na mayanka. Na duba gabana. Agwagi ne zube a laka, sun fi ashirin. An murɗe wuyan kowacce, an ƙwaƙule idanun. Jinin ko bushewa bai yi ba.

Can cikin ruwa, zalɓe ɗaya na tsaye. Ya fi ni tsawo. Likita ya ɗaga madubi ya daɗe yana kallonsa.

"Gwiwarsa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Gaba take lanƙwashewa. Irin tamu."

Na ce mu tafi. Ya kasa ɗaga ƙafa. Leɓɓansa kawai ke motsi, yana laluben addu'a.

Zalɓen ya tako. Ruwan bai ko girgiza ba.

Taku uku ya iso.

Sara ɗaya ya kai. Gilashin madubin ya tarwatse, bakin ya zarce ya shige idon Likita na hagu. Na ji ƙarar, kamar an fasa ɗanyen ƙwai. Likita ya faɗi a laka yana shure-shure, abin ya taka ƙirjinsa, ya miƙa wuya sama ya haɗiye.

Ya sunkuyo zai cire ɗayan.

Ban san lokacin da na ɗaga ƙarfen ba. Na maka masa a wuya. Na ƙara. Na uku ya sauka a fiffike, ƙashi ya karye. Daga cikin gashin sai ga yatsu biyar, dogaye, masu sanyi. Suka damƙe min wuyan hannu har na ji fata ta tsage.

Numfashinsa ya bugi fuskata.

"Ku kuka fara kallo," ya ce, da muryar tsohuwa.

Na ambaci sunan Allah da iya ƙarfina, na soka masa ƙarfen a maƙogwaro. Ya sake ni.

Na ciccibi Likita a kafaɗa. Jininsa na bin bayana, da ɗumi. Ban waiga ba. Da na tada mota, tsuntsaye suka yo kanmu, suna faɗa wa gilashi suna fashewa, har ya tsattsage. Ta ɗan wurin da jini bai rufe ba na ga hanya.

Kwana tara Likita ya yi a asibiti. Ni kuma aka yi min ɗinki biyar a hannu. Yaya ta tattara littattafan tsuntsayen ta cinna musu wuta. Yanzu a ɗaki Likita yake wuni, labule a sauke.

Bayan wata biyu da komawata bakin aiki, ya kira ni a waya yana magana a hankali, kada Yaya ta ji. Ya ce idon da aka cire bai daina gani ba. Da farko tafkin yake hangowa daga sama, sai gonaki, sai wata doguwar kwalta.

"Yau da safe wani gida na gani, mai koren rufi da tankin ruwa biyu," ya ce. "Ba naka ba ne?"

Likita bai taɓa zuwa gidana ba.