Robar Gwajin Baba

Wata yarinya ce 'yar aji huɗu. Babanta gandiroba ne a gidan yari.

Ran nan ya dawo aiki da wata 'yar roba mai jan murfi.

"Baba, ta mece ce?"

"Ma'aikatan lafiya ne suka zo gwajin tarin fuka, uwata. An samu fursunoni uku da shi. Wai mu ma kowa ya tofa majina a ciki da safe, ya kai musu."

Yana faɗa yana tari.

A makaranta kuwa malama ta ce kowa ya zo da abin da zai shuka wake a ciki. Yarinya ta ga robar ta yi mata daidai. Ta jefa ta a jaka.

Da safe Mama ta birkice ɗaki tana nema.

"Ke, kin ga robar babanki?"

"Ban gani ba," in ji ta, kanta a ƙasa.

Baba ya gyara hula. "An huta! Da kayan sarki a jikina zan bi layi da fursunoni? Mura ce kawai."

Masu gwaji suka gama, suka tafi.

Wata biyu tari bai tsaya ba. Baba ya rame har bel ɗinsa ya ƙare huda. Ya daina zuwa aiki. Rannan ya tofa jini. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ce tarin fuka ne. Mama ta sayar da keken ɗinkinta don kuɗin jinya. Gida ya yi tsit.

Yarinya ta kasa cin abinci. Ta sami Mama tana wanki, ta fashe da kuka.

"Mama, ni na ɗauki robar."

Mama ta ajiye wankin. "Wanke fuskarki. Babanki za ki faɗa wa."

A asibiti, Baba ya saurare ta daga kan gado.

"Kin yi ƙarya, uwata, wannan laifinki ne. Ni kuma girman kai ya hana ni karɓo wata."

Likita ta gwada Mama da yarinya, Allah ya sa ba su ɗauka ba. Ta ce, "Fursunonin nan uku tuni suka murmure, ko kwanciya ba su yi ba. An kama nasu da wuri."

Wata shida Baba yana shan magani. Kullum yarinya ce ke miƙa masa ruwa, tana tsaye sai ya haɗiye. Ya warke sarai, ya koma aiki.

Yara, ku ji da kyau. Gwaji da wuri ya fi jinya sauƙi, ya fi ta arha. In kun yi kuskure, ku faɗa a ranar, tun ana iya gyarawa.