Wanda Ya Waiwaya a Lungun Ganuwa

An daɗe ana cewa a tsohon birnin nan na tsakiyar hamada akwai wani rufaffen lungu da murya ke kiran mutum, wanda ya waiwaya kuwa ganuwa ta haɗiye shi. Sufeton 'yan sandan garin ba ta taɓa yarda ba. Ranar da aka kawo rahoton ɓacewar wani tsohon hedimasta daga cikin ayarin 'yan yawon buɗe ido, da kanta ta je.

Ta tarar da su cure a bakin lungun, rana na dukansu, ba mai son matsawa inuwar ganuwa.

"Ranki ya daɗe, labarin jan baƙi ne kawai," in ji jagoran ayarin. "Nakan jera su ɗaya bayan ɗaya, in ce kada kowa ya waiwaya. Yau sai muka ji muryar da gaske."

"Ba wanda ya duba baya?"

"Wa zai fara?"

Sufeto ta juya ga matar hedimastan. "Hajiya, me muryar ta ce?"

"Gwanki." Ta share ido. "Sunan da 'yan makaranta suka laƙaba masa a ɓoye. Ko a kasuwa ya ji sai ya juya neman mai faɗa. 'Yar nan, yana da ciwon zuciya, maganinsa kuma na jakata."

"Aljanin nan ya yi firamare ke nan," in ji Sufeto. "Wa ya yi makarantarsa a cikinku?"

Kowa ya musa. Wani mai kemis cikin ayarin ya ce, "Ni a mota na fara ganinsa."

Sufeto ta yi ƙus-ƙus da Hajiya, sannan ta sa aka sake jera su cikin lungun. Duhu ya rufe su, ba a jin komai sai numfashi da jan takalmi. Daga can baya ta daka tsawa irin ta hedimasta:

"Kai, ɗan tasha! Hannu!"

Ta kunna tocila. Duk sun maƙale a bango, ban da mai kemis. Yana tsaye ƙyam, ido a runtse, ya miƙa tafin hannunsa kamar mai jiran bulala.

"Ina yake?"

Ya buɗe ido, ya sauke hannun. "Akwai wata ƙaramar ƙofa a hagu. Da na kira sunan ya waiwaya, na tura shi ciki, na sa sakata. Ina aji biyu ya kulle ni a sito, ya manta da ni har gari ya waye. Har yau ba na barci sai da fitila. Jiya na gaishe shi, bai ma gane ni ba. So nake ya ɗanɗana kaɗan."

Sajen da ya rako Sufeto ya zare sakatar, ya haska ciki, ya ja da baya. Hajiya ta kutsa da kwalbar magani a hannu.

Aka sa wa mai kemis ankwa, aka wuce da shi mota.

Hedimasta na zaune a bayan ƙofar, farcensa duk ƙasa. Ya riga ya rasu.